Kamfani na riƙe da fim, masoya su biya kuɗin gyara?

A shekarar 2014 Robert A. Harris, ƙwararren mai gyaran tsofaffin fina-finai da ya farfaɗo da fim ɗin Lawrence of Arabia a 1989, ya fito ya yi kururuwa cewa The Alamo, fim ɗin jarumi John Wayne na 1960 a kan yaƙin 1836 tsakanin sojojin Meziko da 'yan tawayen Texas, yana lalacewa a ma'ajiyar kamfanin MGM. Masoyan fina-finan kaboyi suka yi caa a intanet, da yawansu suna cewa a shirye suke su sa hannu a aljihu. Kamfanin ya amsa cewa faifan asali yana hannunsa, kuma fim ɗin ba ya cikin haɗarin salwanta. Harris ya ce abin ya wuce haka: kamfanin bai yi niyyar kashe kuɗinsa ba, kuma bai yarda a nemo kuɗi daga waje a yi aikin ba.

Ina ganin an fi mayar da hankali a kan rowar kamfanin, an bar tambayar da ta fi muhimmanci. A ce ma ya yarda, daidai ne ma'aikaci da ɗan fansho su yi karo-karo su gyara kadarar wani kamfani, wanda zai juyo ya sayar musu da ita?

Sai an san abin da ke cin fim kafin a fahimci gaggawar. Faifan da aka yi amfani da shi a wancan zamani yana da cuta biyu. Ta farko a jikin robar take: idan zafi da laima suka same ta sai ta fara sakin wani tsami, mai buɗe gwangwanin ya ji wari kamar na ruwan khal ya doki hancinsa. Daga nan faifan ya ƙanƙance, ya nannaɗe, har ya ƙi bin haƙoran na'ura. Ta biyu a launi take. Rinin da ke ba da shuɗi da rawaya shi ke fara gudu, sai a wayi gari sararin samaniyar Texas ya koma ja-ja, fuskar jarumi da bangon ƙasa duk launi ɗaya. Cutar tsamin ba ta da magani, sanyi kawai ke rage mata gudu. Gyaran kuma aikin haƙuri ne, domin hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, fim na awa uku ya haura hoto 250,000, kowanne sai an ɗauke shi a na'ura, an share masa ƙarzuwa, an daidaita launinsa da na maƙwabcinsa. Nan kuɗin ke tafiya.

The Alamo yana da ƙarin matsala. Lokacin da aka fara nuna shi a San Antonio a watan Oktoba na 1960, tsawonsa ya haura awa uku. Bayan ɗan lokaci aka yanke kusan rabin awa domin gidajen silima su samu nuna shi sau da yawa a rana, abin da aka yanke kuma ba a adana shi yadda ya kamata ba. Shekaru kusan talatin bayan haka aka gano cikakken kwafi mai faɗin milimita 70 a Toronto ta ƙasar Kanada, yana nan garau. Da shi aka buga kaset da faifan laser a farkon shekarun 1990. Wannan kwafin ne Harris ya ce ya koɗe saboda rashin kyakkyawar ajiya. Wato an samo abin da ya ɓace, aka ci ribarsa, aka ajiye shi inda zai mutu.

Wani zai ce, to ina ruwan kowa? Fim ɗin ba ya cikin waɗanda masana ke yi wa kirari. Ya yi tsawo, jawabai sun yi masa yawa, tarihin yaƙin 1836 da ya bayar kuma an shafa masa mai. Bai tsaya a kan cewa Meziko ta haramta bauta tun 1829 ba, alhali da yawa daga baƙin Amurkawan da suka tayar mata da ƙayar baya a Texas masu bayi ne. Duk gaskiya ne, kuma a wurina dalili ne na a adana shi. Wanda ke son ya ga yadda Amurkar 1960 take ba wa kanta labarin kanta, a tsakiyar yaƙin cacar baki, ga shaida nan da John Wayne ya zuba dukiyarsa ya gina. Mai sukar fim ɗin ma yana bukatarsa cikakke, in ba haka ba me zai nuna wa ɗalibansa? Amurka ta riga ta ɗanɗana wannan asara. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokinta ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finanta marasa magana sun ɓace ƙurmus, ciki har da akasarin na farkon John Ford, uban fina-finan kaboyi.

Saboda haka ceto wajibi ne. Rigimar a kan mai biya take.

Akwai misalin da ya yi kyau. One-Eyed Jacks na 1961, fim ɗaya tilo da jarumi Marlon Brando ya ba da umarni a rayuwarsa, ya shafe shekaru yana yawo a arhan faifai masu dishi-dishi, kowane ɗan kasuwa na buga nasa. Kamfanin Universal ya haɗa hannu da gidauniyar The Film Foundation, mai ceto tsofaffin fina-finai, wadda darakta Martin Scorsese ya kafa a 1990, aka koma kan faifan asali aka yi aikin, Scorsese da darakta Steven Spielberg suna sa ido, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 2016. Abin lura shi ne kamfanin ya buɗe ma'ajiyarsa, ya sa ma'aikatansa da kayan aikinsa, masu taimako kuma manyan masu hali ne da suka san harkar, suka san yadda ake rubuta yarjejeniya.

Wannan daban yake da a ce wa masoya su tara dala ashirin-ashirin. Su ba su da lauya, ba su da kujera a teburin ciniki. In an gama aikin, haƙƙin mallaka na nan inda yake, sabon kwafin ya zama na kamfani, shi zai yanke ranar fitarwa da farashi, ko ma ya kulle shi a manhajar da sai ka biya duk wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma a tuna wane ne gardin: a 2022 Amazon ya kammala sayen MGM a kan kusan dala biliyan 8.5, kuma babban abin da ya saya shi ne tarin tsofaffin fina-finan. Wanda ya biya wannan kuɗi saboda ma'ajiya ba zai ce kula da abin da ke cikinta ya fi ƙarfinsa ba.

Gwamnatin Amurka ma ta gane wannan bambanci. Gidauniyar adana fina-finai ta ƙasa da majalisarsu ta kafa a 1996 tana ba da tallafinta ne ga fina-finan da suke kira marayu, waɗanda ba su da kamfanin da zai tsaya musu: labaran silima na da, fina-finan ilimi, hotunan da iyalai suka ɗauka. Kuɗin jama'a can ya dace. Mu ma mun ga irinsa a gida, lokacin da aka zaƙulo faifan fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu daga ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a Berlin a 2018. Wannan ba shi da attajirin da ke jiran riba a bayansa.

Ban ce masoya su naɗe hannu ba. Na san hujjar masu cewa faifai ba ya jiran a gama gardamar adalci, kowace shekara da ta wuce launi na ƙara gudu. Hujja ce mai ƙarfi, kuma kamfanoni sun san da ita, shi ya sa jan ƙafa ba ya cutar da su. Amma in har kuɗin waje zai shiga, to ya shiga da sharaɗi a rubuce, ta hannun gidauniya ko ma'ajiyar jama'a, ba kai tsaye cikin asusun kamfani ba. A ajiye cikakken kwafin da aka gyara a wuri irin Laburaren Majalisa ko ma'ajiyar jami'ar UCLA, makarantu da gidajen tarihi su samu damar nuna shi, sannan in kamfanin ya fara sayarwa, kuɗin farko da ya shigo ya koma asusun da zai ceci fim na gaba. Kamfanin da ya ƙi biya, ya kuma ƙi waɗannan sharuɗɗa, sai doka ta tilasta masa miƙa faifan ga ma'ajiyar da za ta sa shi a ɗakin sanyi, haƙƙin sayarwar ya ci gaba da zama nasa.