Digiri na biyu a fasahar koyarwa yana da amfani, amma a haɗa da aikin hannu

Gaskiya na ji daɗin wannan labari, musamman inda kuka ce masu digiri na biyu a fasahar koyarwa ba a aji kaɗai suke samun aiki ba. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Gwale, wlh shekaran jiya na ga yarinya 'yar SS3 ta riƙe linzamin kwamfuta hannunta na rawa, alhali tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, to wa zai koya musu in ba irinmu ba?

Ga mai son karatun, NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, na yin digiri na biyu (M.Ed) a wannan fanni kuma kana cikin Kano kana aikinka za ka yi, Jami'ar Ilorin da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna (FUT Minna) ma suna da sashensa sukutum. Wanda bai karanci ilimi ba sai ya fara da PGDE, wato difloma a fannin ilimi da ake yi bayan digiri na farko.

Amma don Allah 'yan uwa kar a tsaya a takarda, a iya manhajojin koyarwa ta intanet irin su Moodle da Google Classroom da haɗa bidiyon darasi da Hausa a waya, domin zai yi amfani wajen neman aiki a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta (CBT) da ƙungiyoyi masu horar da malamai. Ni dai bana zan cike fom in Allah ya yarda.