Maroko ta soke sashe na 475, namu yana nan a zaure

Shekara shida ke nan ina zaune a Rabat, kuma kusan kullum hanyar wurin aikina takan bi da ni ta titin Muhammad na Biyar, ta gaban ginin majalisar dokokin Maroko. A bakin wannan gini ne mata suka yi cincirindo a watan Maris na 2012, suna ɗauke da hoton wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Amina Filali. Lokacin ban zo ƙasar ba. Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta ba ni labari, tsohuwar malamar firamare, mace mai yawan azumin Litinin da Alhamis. Ta ce ranar sauke tukunya ta yi ta fita, domin autarta sa'ar Amina ce.

Amina 'yar wani ƙauye ce kusa da Larash, a arewacin ƙasar. Ta ce wani mutum ya yi mata fyaɗe, magana ta je gaban hukuma, aka ƙare da ɗaura mata aure da shi. Sashe na 475 na kundin dokar laifukansu ya ba wanda ya gudu da yarinya ƙarama damar kuɓuta daga tuhuma idan ya aure ta, kuma da wannan ƙofa aka riƙa fitar da masu fyaɗe. Watanni kaɗan bayan auren, Amina ta sha maganin ɓera ta rasu. Ƙungiyoyin mata ba su bar maganar ta kwanta ba, har a watan Janairun 2014 majalisa ta cire wannan sakin layi ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba.

Da ta gama ba ni labarin sai ta zuba min ido, tana jiran ta ga na girgiza. Ni kuwa abin da ya taso min a zuciya daban ne, domin na san irin wannan tun ina makarantar sakandare a unguwarmu.

Yarinyar maƙwabtanmu ce, ba ta fi shekara 11 ba, tana tallar gyaɗa da yamma. Mai shagon bakin layi ne ya ja ta ciki. Ina tuna uwarta a tsakar gidanmu, tana durƙushe gaban baho tana cuɗa zanen yarinyar da sabulu, hawaye na zuba cikin kumfar. Ba wanda ya gaya mata cewa shaida take wankewa. Bayan sallar isha'i maza suka zauna a zauren mai unguwa. Mutumin ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ajiye kuɗin magani, dattawa suka ce a rufa wa juna asiri, don in magana ta fita wa zai aure ta gobe? Har na ji wata tsohuwa tana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a kan yarinyar da ko ƙirgar dangi ba ta fara ba. Kafin mako ya zagayo an tura ta ƙauye wurin gwaggonta. Shi kuwa washegari da safe ya buɗe shagonsa.

A nan nake ganin bambancinmu da su. Matan Maroko sun sami abokin gaba mai lamba, wanda za a rubuta a kwali a ɗaga sama, a ce wa 'yan majalisa ku goge wannan. Mu babu inda dokarmu ta rubuta cewa mai fyaɗe ya biya kuɗin magani ya tafi gida. Kundin dokar laifuka na Arewacin Najeriya ya haramta fyaɗe tun 1960. Sai dai abin da sashe na 475 yake yi musu, mu sulhu ne yake yi mana shi, kuma sulhu ba ya zuwa majalisa balle a kaɗa ƙuri'ar soke shi.

Wannan bai sa na raina aikin da matanmu suka yi a kan doka ba, ko kaɗan. Tun 2001 ƙungiyoyi suka haɗa gwiwa suna kai ƙudiri majalisar tarayya, ana ajiye shi, majalisa ta tashi, su sake farawa daga tushe. Irin su Hajiya Saudatu Mahdi ta ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA sun tsufa a kan wannan hanya. Sai ranar 25 ga Mayun 2015, saura kwana huɗu ya sauka, Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a da aka fi sani da VAPP. Ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai fyaɗe, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara, shekara 20 ga waɗanda suka yi taron dangi. Ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe, abin da duk wanda ya san halin da ƙananan yara maza suke ciki a titunanmu zai gane muhimmancinsa. Ta ce a biya wanda aka zalunta diyya, a kuma buɗe rajistar sunayen masu laifin.

Amma a Abuja kawai take aiki, sai kowace jiha ta karɓe ta da kanta. Matan Maroko ƙofa ɗaya suka buga, namu sai da suka bi ƙofa 36. A watan Fabrairun 2019 'yan matan Arewa suka fara fitar da abin da ke cikinsu a Twitter ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, kuma cikin kwanaki 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikinsu, Maryam Awaisu, a Kaduna. Sai da aka yi wa Uwa Omozuwa a birnin Benin da Barakat Bello a Ibadan fyaɗe aka kashe su a 2020 sannan gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, jihohi suka riƙa karɓar dokar VAPP ɗaya bayan ɗaya. Kano, inda ake da yawan jama'ar da suka fi buƙata, tana cikin waɗanda suka fi jan ƙafa.

Kaduna ta yi nisa a 2020, ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Na fahimci fushin da ya haifi wannan, amma ina tsoron ya ƙara wa zaure ƙarfi. Mai laifin yawanci kawu ne, ko maƙwabci, ko malamin yaron. Idan hukunci kisa ne, dangi za su taru a kan uwar su ce ke ce za ki sa a kashe ɗan'uwanki? Ni dai na fi son hukuncin da tabbas zai faɗa kan mai laifi a kan wanda ke da tsanani a takarda kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake kiran waɗannan mata 'yan koren Turawa. Maroko ƙasar Malikiyya ce kamar mu. Duk shekara ina haɗuwa da mutanenmu da suka zo ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Dokar yaƙi da cin zarafin mata ta 2018 a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyya mai ra'ayin Musulunci aka yi ta, kuma ministar da ta kai ta majalisa, Bassima Hakkawi, da hijabinta take shiga zauren. A cikin Muwaɗɗa da almajiranmu ke karantawa, Imamu Malik ya ce haddi yana kan wanda ya tilasta, ya kuma biya sadaki, ita kuwa wadda aka tilasta babu uƙuba a kanta. Ban ga inda aka ce a tura ta ƙauye ba.

Ba aljanna nake zaune ba. Har yanzu a Maroko sashe na 490 yana hukunta saduwa ba aure, don haka mace kan ji tsoron kai ƙara kada ta kasa kawo hujja tuhuma ta juyo kanta, irin tsoron da matanmu suke ji. Alƙalai kuma suna ba da izinin aurar da 'yan ƙasa da shekara 18 duk da dokar iyali ta 2004 da ta sa 18 a matsayin shekarun aure. Matan nan suna kan gwagwarmaya har gobe.

Da zan ba 'yan'uwana masu fafutuka shawara, da na ce rabin ƙarfin da ake kaiwa majalisa a juyo da shi unguwa. A sa doka ta hau kan mai unguwar da ya yi sulhu a kan fyaɗe. A roƙi limamai su faɗa a huɗuba cewa rufa wa azzalumi asiri ba sutura ba ce. A koya wa kowace uwa a Islamiyya cewa kada a wanke tufafin, kada a yi wa yarinya wanka, a kai ta asibiti kafin awa 72 don maganin kariya daga ƙanjamau ya yi aiki. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe irin Waraka da ke asibitin Murtala a Kano su kai kowace ƙaramar hukuma, kuma rahoton likita ya zama kyauta.

Kwanakin baya da muna waya da Inna na tambaye ta labarin yarinyar nan mai gyaɗa. Ta yi shiru, sannan ta ce tun tana shekara 14 aka aurar da ita a can ƙauyen, yanzu 'ya'yanta huɗu, ba ta taɓa zuwa unguwar ba ko da biki. Na ce shagon fa? Ta ce yana nan, har ya sayi na kusa da shi ya haɗe.