Kwamfuta kaɗai ba ta gyara hali

Malam marubuci, ka ce a raba wa matasa kwamfuta shikenan tarbiyya ta dawo, ni kam ban yarda ba. Ina koyarwa a makarantar Lahadi a Sabon Tasha, farkon abin da muke gaya wa yara shi ne Farawa 1:27 a Littafi Mai Tsarki, Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, shi ya sa ko yaro ya ci sifiri a lissafi ba ma ce masa daƙiƙi. Amma fa Romawa 3:23 ta ce kowa ya yi zunubi, na ga ɗan shekara 5 ya cusa biskit ɗin ƙanensa a aljihu yana rantsuwa bai gani ba, wa ya koya masa? In ba a taɓa zuciyar ba, gobe da kwamfutar zai damfari mutane.