Na biya kuɗin jirgi, an bar makullinsa a layin da ya mutu

Wata uku ke nan ɗan jirgina mara matuƙi yana ajiye a kan wadirob a ɗakina a Jidda. Farfelarsa huɗu lafiya lau, kyamararsa ko ƙwarzane babu, batir uku duk suna ɗaukar caji. Abin da ya hana shi tashi ɗan rubutu ne a fuskar waya: wai a ɗaure yake da akawun ɗin wani, sai mai akawun ya kwance shi. Riyal 3,200 na biya. Duk wanda ya san abin da Bahaushe ke sha a ƙasar nan kafin ya tara wannan kuɗi, ga sabunta iƙama (takardar izinin zama), ga haya, ga na aikawa gida, zai gane abin da ya sa zuciyata ke tafasa.

Wurin wani yayanmu na saya, mutumin Damagaram, wanda a hannunsa na koyi ɗaukar bidiyon biki. Ya gaji, ya ce gida zai koma, aka buga masa huruj niha'i, wato bizar fitar ƙarshe. Kafin ya tafi muka fita bayan gari, ya tashi jirgin da wayarsa, na gani da idona, muka yi musabaha. A kwali, a jikin jirgi, a cikin manhajar, babu inda aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai sayarwa ya kwance akawun kafin ya miƙa kaya. Da an rubuta, aikin minti biyu ne a ranar.

Ita kanta manhajar ba ta Play Store, sai ka je shafin kamfanin ka sauko da ita, wayarka tana ta gargaɗi. Na daure na saka, na buɗe akawun da sunana. Ya tashi 'yan lokuta kaɗan, na saki jiki har na karɓi aiki.

Wani Balarabe ne mai istiraha, wato gidan shaƙatawa, a wajen Usfan kusa da Jidda yake son a ɗauko masa ita daga sama don talla. Ranar Juma'a bayan la'asar na isa. An share harabar, an cika tafkin wanka, an kunna fitilun jikin dabino tun rana ba ta faɗi ba. Na shimfiɗa tabarmar tashi, na haɗa rimot, na danna. Jirgi ya yi ɗan kukansa, fitilunsa suka yi ta ƙiftawa, farfela ko motsi. Waya ta ɗauki zafi har haskenta ya dusashe, na kare ta da inuwar jikina ina karanta saƙon nan, gumi na ɗiga a kan gilashin. Mutumin yana tsaye da yaransa biyu, kowa ya ɗaga kai sama. Da aka kira magariba ya ce mini "khalas", ya juya ya shige. Kuɗin mai ma ban mayar ba, kuma na san ba zai ƙara kirana ba.

A daren na kira Yaya ta WhatsApp. Bawan Allah bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce, "Ƙanena, yanzun nan zan kwance maka." Nan aka shiga rijiya gaba dubu. Wayar da ya bar Jidda da ita ta lalace, a sabuwar kuma sai ya sake shiga akawun. Kalmar sirri ya manta, don shekaru ke nan ba a tambaye shi ita ba. Ya danna a canza, aka ce an tura saƙo imel. Imel ɗin kuma ba zai buɗu a sabuwar waya ba sai da lambar tabbatarwa, lambar kuwa layinsa na Saudiyya ake tura wa. Kowa a nan ya san shariha, wato layin waya, da iƙama da zanen yatsa ake yankarta. Mutum ya fita fitar ƙarshe, layi ya bi bayansa. To ga mai kaya da ransa yana roƙo a karɓa daga hannunsa, ga mai saye yana roƙo a ba shi, an rasa ƙofa ɗaya da za a bi!

Na rubuta wa kamfanin sau takwas. Kowane karo sabon mutum, kowane karo sai na faro labari daga tushe. Suka ce in kawo fatura, wato rasit, ta asali. Yaya a Ghulail yake zaune lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2022, tare da su Sabil da Karantina. Mutanen da suka kwashe kaya a gaggauce, katifa a kan mota, tukwane a buhu, wa zai tsaya neman wata 'yar takardar kanti? Na tura hoton lambar jikin jirgi. Na tura shaidar kuɗin da na tura masa ta banki. Yaya ya ɗauki kansa a bidiyo riƙe da fasfo, ya faɗa da bakinsa cewa ya sayar mini. Amsa ɗaya ce: mai akawun ne kawai zai iya kwancewa. To ai shi ne wannan da kuke kallo!

Ni ban ƙi doka ba. Hukumar GACA mai kula da sufurin jiragen sama a Saudiyya ta ce a yi wa jirgi rajista a nemi izini, daidai ne. Ba a tashi a Makka da Madina, ba a kusantar filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wannan tsaron rayuka ne, hannu bibbiyu na karɓa. Na kuma san an ƙirƙiro ɗaurin nan ne don ɓarawo kada ya mori abin da ya sata. Amma ɓarawo ne zai kawo maka mai kaya a bidiyo da fasfonsa? A ƙasar nan mota sukutum ana canza mata mai ita ta manhajar gwamnati Absher, mai sayarwa ya tabbatar, mai saye ya tabbatar, an gama. Abin da zai shiga jakar goyo kuwa an mayar da shi kamar gadon da ba ya rabuwa.

Kuma wahalar ba ta masu sayen na hannu kaɗai ba ce. Abokin aikina sabo fil ya sayi nasa, amma bayan sabunta manhaja ta fitar da shi daga akawun ba tare da ya sani ba, sai da ya isa wata gona inda babu sabis. In ba ka shiga ba, iyakarka mita 30 a sama, mita 50 a nisa. Me za ka ɗauka da wannan a gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta? Wanda ya tsara abin nan ya ɗauka kowa yana da lamba ɗaya har ya mutu, da intanet duk inda ya taka. Mu kuwa baƙi ne, layinmu a jikin iƙama yake, iƙama kuma a hannun kafili, uban gidan da ya ɗauki nauyinmu.

Shekaranjiya Yaya ya kira, murya a sanyaye, wai zai sayar da babur ɗin da ya fara nema da shi ya maido mini kuɗina. Na ce wallahi ba zan karɓa ba, bai cuce ni ba. Yanzu na wani nake haya a riyal 300 duk ranar aiki, rabin ribata ke nan. Nawa kuma duk ƙarshen wata sai na sauko da shi, in duba batir ɗin kada zafin Jidda ya kumbura su, in goge ƙura, in mayar. Saƙo na tara na tura musu da asubar yau.