Na yarda bi-ta-da-ƙulli ne, to kuɗin fa?

Da zarar an ce EFCC ta damƙe wani tsohon gwamna ko tsohon minista, tun kafin a ji abin da ake tuhumarsa da shi mun riga mun rabu gida biyu. 'Yan jam'iyyarsa su ce bi-ta-da-ƙulli ne, ana so a rufe masa baki don zaɓe ya ƙarato. Magoya bayan gwamnati su ce alhakin talakawa ne ya kama shi. A wuni ana zage-zage, ana haƙo tsofaffin hotuna, bayan mako biyu a ba da belinsa, kowa ya kama gabansa. Daga nan ba mai sake tambayar inda shari'ar ta kwana.

Ni abin da na gani shi ne, sau da yawa duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Ana iya kama mutum don siyasa, kuma ya kasance ya ci kuɗin. Muguwar niyyar wanda ya aiko a kama shi ba ta mayar da kuɗin asibitin da ya yi sama da faɗi da su. Haka nan laifinsa ba ya wanke gwamnatin da ta bar takardunsa suna barci shekara da shekaru, sai ranar da ya sauya sheƙa aka karkaɗe musu ƙura.

Duk mai cewa babu siyasa a cikin kamen nan, ko dai bai bi tarihin hukumar ba ko kuwa yana kare tuwonsa ne. A 2006 Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na farko, ya tsaya gaban majalisar dattawa ya ce hukumarsa na binciken gwamnoni 31 cikin 36. Ku ƙirga nawa ne a cikinsu suka taɓa kwana a gidan yari bisa hukuncin kotu, yatsun hannu sun ishe ku. Shi kansa Ribadun, a watan Disambar 2007 ya kama James Ibori na Delta, watan bai ƙare ba aka ce ya tattara ya tafi kwas a Kuru. Cikin waɗanda suka shugabanci hukumar bayansa, an dakatar da Ibrahim Magu a 2020, an dakatar da Abdulrasheed Bawa a 2023 har DSS ta tsare shi watanni. Shugaban ƙasa ke naɗa mai wannan kujera, shi ke iya tuɓe shi, don haka duk wanda ya hau ta ya san iyakar inda hannunsa zai kai. Sannan ga Adams Oshiomhole, yana shugaban APC, ya faɗa a bainar jama'a a Benin a farkon 2019 cewa wanda ya shigo jam'iyyarsu an yafe masa zunubansa. Wasu sun ce raha yake yi. To, 'yan siyasa dai ba su ɗauke ta raha ba.

Ga kuma Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa Jonathan shawara kan tsaro. An kama shi a Disambar 2015 kan zargin cewa ya karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai a lokacin da Boko Haram ke karɓe garuruwa a Arewa maso Gabas. Babban zargi ne, wanda ya kamata a ce an yi shari'arsa da gaggawa ko don iyalan sojojin da suka rasu. Kotuna sun ba da belinsa ba sau ɗaya ba, kotun ECOWAS ta ce tsarewar ta saɓa doka, amma aka ci gaba da riƙe shi har Disambar 2019. Me aka samu? An mayar da wanda ake tuhuma abin tausayi, maganar makamai ta bi ruwa. Gwamnatin da ta take umarnin kotu don ta hukunta wanda take zargi, ita ce ke ba shi hujjar da zai kare kansa da ita a idon jama'a.

Amma jama'a, mu ma mu ji tsoron Allah. Akwai masu tambaya, me ya sa ba a kama shi yana kan mulki ba sai da ya sauka? Amsar tana cikin sashe na 308 na tsarin mulkin 1999: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa, duk suna da rigar kariya, ba a gurfanar da su sai sun sauka. Shi ya sa aka tare Willie Obiano na Anambra a filin jirgin saman Legas a Maris ɗin 2022, sa'o'i kaɗan bayan ya miƙa mulki. Kamen da ya zo bayan saukar gwamna, shi kaɗai ba hujja ba ce ta cewa siyasa ce.

Kuma kafin mu yi rantsuwa da cewa mutuminmu fes yake, mu tuna Ibori. A Disambar 2009 babbar kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake masa, magoya baya suka yi ta murna an wanke shi. A 2012 wannan mutumin dai ya amsa laifinsa da bakinsa a wata kotu a Landan, aka ɗaure shi shekara 13. Da ya dawo a 2017 kuma aka tarbe shi da kiɗa da rawa.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kamen ba ne, ƙarshen labarin ne. An fara shari'ar Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba a 2007, ba a yanke hukunci ba sai 2018, shekara 11. Kowannensu aka ba shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage na Dariye zuwa 10, na Nyame zuwa 12, kotun ƙoli ta tabbatar. A yi adalci, Dariye yana sanata na jam'iyya mai mulki aka ɗaure shi, kuma mutane da yawa a lokacin sun ce lallai an fara abin kirki. Sai ga shi a Afrilun 2022 gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa. Ku yi tunanin jami'in da ya kwashe ƙuruciyarsa yana bin takardun banki ɗaya bayan ɗaya, da shaidun da suka yi kasadar tsayawa a kotu. Gobe da wane ƙarfin gwiwa za su sake? Jonathan ma ya yi wa tsohon ubangidansa Alamieyeseigha na Bayelsa irin wannan afuwa a 2013. An ɗaure Orji Kalu na Abia shekara 12 a Disambar 2019, kotun ƙoli ta soke hukuncin a Mayun 2020 don alƙalin da ya yanke shi an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Ba cewa aka yi bai ci ba, cewa aka yi a sake shari'ar, shi kuwa ya koma kujerarsa ta sanata. Lucky Igbinedion na Edo kuwa, sasantawa aka yi a 2008, tarar naira miliyan 3.5 kotu ta ɗora masa.

Duk wanda ya taɓa leƙa harabar kotu ranar da za a gurfanar da babban mutum ya san wasan. Motocin haya sun sauke matasa da kwalaye masu rubutu iri ɗaya, wasunsu ba su ma san tuhumar ba. Manyan lauyoyi sun cika layin gaba. Mutumin da watan jiya yake tsalle a kan dandamalin kamfe, yau ga shi da sanda ko a keken marasa lafiya, ana neman fasfonsa don ya je ganin likita a waje. A ɗage zuwa bayan hutun alƙalai. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum-kullum, amma a takarda ta tsaya. A can cikin gidajen yarin kuwa, fiye da rabin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, wani a kan wayar hannu ko akuya, kuma ba a taɓa cika mota da masu zanga-zanga dominsa ba.

Don haka idan an kama naka ka ce ai na wancan ɓangaren ma sun ci ba a taɓa su ba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai dai maganin zaɓen wanda za a kama shi ne a haɗa da sauran, ba a saki wanda ke hannu ba. Ka nemi a kai shi kotu cikin lokacin da tsarin mulki ya tanada, a bi umarnin beli, a daina yanke masa hukunci a jaridu. Wannan haƙƙinsa ne, ko ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba. Amma da wannan bakin ka nemi ya yi bayanin kwangilar da aka biya kuɗinta ba a ga aiki ba, da gidajen da albashinsa na shekara takwas ba zai sayi ko katangarsu ba. Ita kuma EFCC, maimakon hotunan kame, ta fito mana da jerin duk shari'un tsofaffin gwamnoni da ministocin da ta shigar tun 2007, da matakin da kowacce take, da waɗanda aka janye, da ranar da aka janye su. Sauran aikin mu za mu yi: mu ajiye ranakun nan kusa da ranakun da masu su suka sauya jam'iyya, mu gwada.