Gidan tarihin wiwi na Amsterdam: tarihi ne ko talla?

Tun watan Mayun 2023 hukumar birnin Amsterdam na ƙasar Holan ta haramta busa wiwi a titunan unguwar De Wallen, wanda aka kama kuma tararsa Yuro 100. Mazauna unguwar ne suka gaji da hayaƙi da hayaniyar 'yan yawon buɗe ido. Amma a cikin wannan unguwa dai gidan tarihin wiwi, Hash Marihuana & Hemp Museum, yana nan yana sayar da tikiti, ana ta yabonsa wai cibiyar ilimi ce. Wannan yabon ne ya tsaya mini a rai.

A fara da mai gidan. Ben Dronkers ne ya kafa shi a shekarun 1980, kuma shi ne ya kafa Sensi Seeds, kamfanin da sana'arsa sayar da irin wiwi. A 2012 ya buɗe reshe a Barselona, cikin tsohuwar fadar Palau Mornau. To wane mai hankali zai ba mai sayar da iri amanar rubuta tarihin ganyen? An ba kura ajiyar nama kenan. Da kamfanin sigari ne ya gina gidan tarihin taba, da 'yan jaridar Turai sun yi masa ca tun ranar buɗewa.

Dabarar tana cikin haɗa abu biyu a rufi ɗaya. Gaskiya ne shukar tana da tsohon tarihi mai amfani: da zarenta aka tuƙa igiyoyin jiragen ruwan Holan, aka saƙa tufafi, aka yi takarda, kuma a ƙarni na 19 masu haɗa magani a Turai sun sayar da ita a kwalba. Sai dai nau'in da ake nomawa don zare, a ƙa'idar Tarayyar Turai, sinadarinsa mai bugarwa, THC, ba ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Wanda ake sayarwa a shagunan Amsterdam ya ninka haka sau da dama, kuma da gangan aka yi ta auratayyar iri har ya kai wannan ƙarfi. Idan baƙo ya kalli igiya da masaƙa da tsohuwar kwalbar magani, sai mutuncinsu ya bi shi har bakin shagon da ke gaba. Ya shiga da ɗar-ɗar, ya fito yana ganin ai gadon kakanni ne.

Ga kuma abin da ya kamata a ce shi ke tarbar mutum a ƙofa. A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken da masana na King's College a Landan suka jagoranta, wanda ya ƙiyasta cewa kusan rabin sababbin masu taɓin hankali mai tsanani a Amsterdam za su iya tsira da babu wiwi mai ƙarfi a kasuwa. Rabi fa! A birnin da gidan yake! Iyayen waɗannan matasa su ma suna cikin tarihin wiwi, kuma babu mai sayen tikiti don jin nasu labarin.

Masu kare gidan za su ce ilimi ya fi jahilci, kamar akwai wanda ya nemi a ƙona littafi. Ba a rufe nake so ba. A raba shi da kasuwar iri, a damƙa tsara bayanansa ga masana tarihi da likitocin ƙwaƙwalwa waɗanda ba su da ko sisi a cinikin, a ware ɗakin cuta daidai da ɗakin igiya.

Maganar kuma ta wuce Holan. Jamus ta halatta wa manya shan wiwi a Afrilun 2024, Gana ta amince da noman nau'in masana'antu, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 na shan wiwi a Najeriya. Duk mai neman a halatta shi a nan, da labarin igiya da takarda zai fara, kuma ya kamata 'yan majalisa su tambaye shi wa ke biyan kuɗin wannan labari.