Mun Biya Kuɗi Don Mu Kalli Kifi Yana Neman Numfashi

Mako uku cur yarana suka yi suna ƙirga ranar da za a kai su gidan kallon kifaye. Mun je hutun ƙarshen zango wurin ƙanena da ke aiki a wani babban birni na kudu, kuma tun kafin mu bar gida autarmu ta ga tallar wurin a wayar mahaifiyarta: ruwa shuɗi garai-garai, kifaye masu launi kamar an tsoma su a rini, ga wani kifin shak yana ratsawa ta saman kawunan mutane. Yaran da suka tashi a Kano, waɗanda iyakar saninsu da kifi shi ne tarwada a baho a bakin kasuwa ko soyayyen karfasa a faranti, ba laifinsu ba ne idan sun ƙwallafa rai a kan irin wannan. Ni ma na ƙwallafa, ba zan ɓoye ba. Abin da muka tarar a can shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Mu bakwai ne, har da ƙanena da ɗansa. Bayan awa biyu a cunkoson motoci da kusan rabin awa a layi cikin rana, kuɗin tikitin da na biya ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ban yi gunaguni ba, domin na san riƙe irin wannan wuri yana cin kuɗi. Matar da ke sayar da tikitin ta karɓi katina, ta miƙo rasit, ta tambaye ni ko za mu ƙara kuɗin ɗaukar hoto, amma ba ta ce uffan ba game da halin da cikin wurin yake. Wannan shirun nata, wanda daga baya na gane umarni ne aka ba ta, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk abin da ya faru ranar.

Hanci ne ya fara ba mu labari kafin ido. Muna tura ƙofar zauren farko wani ƙarni mai nauyi ya tarbe mu, haɗe da zafi irin na ɗakin da aka rufe tun jiya, har uwargida ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci. Ruwa ba ya tsami banza. Tankin farko, wanda ya kai tsayin mutum, ruwansa ya koma kamar tsarin kunu, gansakuka ta lulluɓe gilashin tun daga ƙasa har zuwa daidai fuskar yaro, sai mutum ya manna goshinsa kafin ya hango inuwar wani abu tana motsi a ciki. Na biyu babu komai a ciki sai duwatsu da wata ciyawar roba da ta kife. Na uku an rufe shi da baƙin ƙyalle, an liƙa takarda cewa ana gyara, kuma takardar kanta ta yi ja don daɗewa. Kifin shak ɗin da aka yi ta yi mana talla da shi kuwa, hotonsa ne kawai a bango.

A tanki na huɗu ne autarmu ta tsaya. Wani ƙaramin kifi ne rawaya, bai wuce tafin hannunta ba, ya taso har saman ruwa ya tsaya a karkace, bakinsa yana buɗewa yana rufewa da sauri, fiffikensa a manne da jiki, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Ta juyo tana murna ta ce, "Abba, ka ga yana gaishe ni!" Yayanta mai shekara goma sha biyu, wanda ya saba zuwa gonar kifin kawunsa, ya dube ni bai ce komai ba, domin ya san abin da ake nufi idan kifaye suka taru a saman ruwa suna haki. A ƙasan tankin, bayan wani dutse, akwai guda biyu da suka riga suka kwanta, ido ya yi fari. Na matsa na tare mata wannan gefen da jikina, kamar wanda ya yi laifi, alhali kuwa ni ne na biya kuɗi.

Ya kamata in yi bayanin abin da idona ya gani, domin masu wurin sun dogara ne da cewa yawancinmu ba za mu gane ba. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ruwa yana ƙara zafi yana rage riƙe ta. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ya sauko zuwa kusan 7 da rabi, ruwan gishiri kuma bai ma kai hakan ba, ga shi kuma jikin kifin yana ƙara buƙatar iskar ne daidai lokacin da zafi ya ƙaru. Sannan kifi yana fitar da sinadarin amoniya a cikin ruwan da yake zaune, wanda guba ne gare shi. A kogi ruwa yana tafiya da shi, amma a cikin akwatin gilashi babu inda zai je, sai dai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin matatar ruwa su sauya shi zuwa nitirait, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa nitirat mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya wani kaso na ruwan a kai a kai. Waɗannan ƙwayoyin su ma da iska suke rayuwa. Idan injin da ke zagaya da ruwa ya daɗe a tsaye sai su fara mutuwa, idan kuma suka mutu ana iya shafe makonni kafin su sake kafuwa. Wato duk gidan kifin da ya kashe injinsa ya bar dabbobinsa ne su shaƙe a cikin bayan gidansu. Fararen ɗigon nan kuwa cuta ce sananniya da ke kama kifin da ya galabaita, kuma don gudunta ne ake killace sabon kifi a wani tanki dabam kafin a haɗa shi da sauran.

Na duba tankunan ɗaya bayan ɗaya, ban ga kumfa tana tasowa a ko ɗaya ba, ban kuma ji ƙugin inji ba.

Wanda ya gaya mini gaskiya wani dattijo ne mai gadi, mutumin arewa, da ya ji muna Hausa ya matso muka gaisa. Na ce masa, "Baba, lafiya kuwa wurin nan?" Ya waiwaya ya ga babu kowa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, tun shekaranjiya babu wuta. Babban janareton ya daɗe da lalacewa, ƙaramin kuma na gaba ne kawai yake ɗauka, wajen tikiti da shagon tsaraba. Kullum da safe sai an zagaya da koma da bokiti an kwashe waɗanda suka mutu kafin a buɗe ƙofa." Daga nan na fahimci dalilin da ya sa firjin lemo yake da sanyi ƙarara, na'urar karɓar kuɗi take aiki babu tangarɗa, fitilun shagon da ake sayar da kifin roba suke haske, amma kifin gaske yake haki a cikin duhu. An zauna an yi lissafin inda za a kai ɗan dizal ɗin da ake da shi, aka kai shi inda kuɗi ke shigowa.

Na nemi ganin manaja, aka ɗauki lokaci kafin ya fito yana share baki. Amsarsa ita ce wadda muka saba ji a ko'ina: matsalar wuta ce, kowa ya san halin da ƙasa take ciki. To, na sani, a ƙasar nake zaune, ni ma da duhu nake kwana. Amma wanda ya buɗe gidan kifi ya san halin wutar tun kafin ya aza tubalin farko, kuma ko mai kiwon tarwada a bayan gida ya san cewa ranar da ruwa ya tsaya jarinsa ya fara narkewa, shi ya sa yake tanadin injin ko-ta-kwana. Wannan ilimi ba sabo ba ne. An buɗe gidan kallon kifaye na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan a shekarar 1853, tun kafin wutar lantarki ta shiga gidajen mutane. A nahiyarmu akwai na Kef Tawun tun 1995, da na Durban tun 2004, dukansu a Afirka ta Kudu. A Dubai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, akwai tanki mai ɗaukar lita miliyan 10 a cikin kantin sayayya tun 2008. Ban ce a gina mana irin na Dubai ba, kowa da ƙarfinsa. Abin da na ce masa shi ne, idan ba za ku iya riƙe tanki ashirin ba ku riƙe biyar da kyau, idan kuma injinku ya tsaya ku rufe ƙofa ku rubuta sanarwa, kada ku ci gaba da karɓar kuɗin iyaye kuna sane da abin da 'ya'yansu za su gani.

Akwai kuma wata wauta da na kasa fahimta. Me ya kai su sayo kifin teku daga ƙetare da kuɗin waje, kifin da sai an haɗa masa ruwa mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, sai an daidaita masa zafi dare da rana, alhali kogunanmu cike suke da abin mamaki? Muna da giwan ruwa, wanda kan fi babban mutum nauyi, wanda dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora domin kamawa a bikin Argungu, bikin da UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016. Muna da minjirya mai sakin wutar da kan wuce bolt 300 daga jikinta. Muna da gaiwa mai huhu, wadda idan fadama ta ƙafe take naɗe kanta a cikin laka ta yi watanni tana jiran damina. Muna da talibamban mai kumbura ciki idan ya tsorata, da tsage mai haƙora kamar ƙusa, da ƙurungu wanda wasu nau'o'insa ke iyo a rigingine. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da tafkin Kainji, inda masana wannan fanni suke. Da an cika zaure guda da waɗannan, an rubuta sunan kowanne da harsunanmu, da yarana sun fito sun san abin da ke ƙarƙashin ruwan Neja da Binuwai da tafkin Cadi. Maimakon haka, rabin tankunan babu ko suna a jikinsu, ma'aikacin da ɗana ya tambaya sunan wani kifi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya koma kan wayarsa.

Shi wannan ma'aikacin yana zaune wasu yara suka yi ta buga gilashi da tsabar kuɗi da makulli, bai ɗaga kai ba. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi, saboda haka abin da yaro ya ɗauka wasa ne azaba ce ga dabbar da ba ta da wurin gudu. Ban ga laifin yaran ba, babu wanda ya gaya musu. Mu da aka karantar da mu tun muna makarantar allo labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ba ma buƙatar wani ya zo daga waje ya koya mana cewa wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin ranta.

Cikin minti ashirin muka gama zagayen da aka ce zai ɗauki awa biyu. Da na nemi a mayar mini da kuɗina, manajan ya juya tikitin ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a baya cewa kuɗin da aka biya ba a mayarwa, sannan, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce zai ba ni takardar rangwame idan mun sake dawowa. Uwargida ta taɓa hannuna ta ce, "Malam, ka bari, yara suna kallo." Na bari saboda su. Amma rubutun da mutum ba ya gani sai bayan ya biya ba sharaɗi ba ne, tarko ne, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba duk wanda ya biya kuɗin hidima haƙƙin a yi masa ita da ingancin da mai hankali zai sa rai. Na adana tikitin bakwai da rasit, na haɗa da hotunan da na ɗauka, har da na ƙaramin kifin nan rawaya, na rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke kula da wannan doka. Na kuma nemi a tura likitan dabbobi ya auna ruwan tankunan ba tare da sanarwa ba, da sassafe, kafin mai bokiti ya gama zagayensa.

Jiya da daddare ƙanena ya turo mini saƙo cewa ya bi ta gaban wurin ya ga motar makaranta cike da 'yan firamare tana sauke su a bakin ƙofa. Tallar nan mai shuɗin ruwa da kifin shak kuma har yau tana faɗowa a wayar uwargida.